Diyyar rauni da ladan lauya: Nawa ke isa hannun mai ciwo?

Duk wanda ya taɓa cin kasuwar Gallabat, ko ya bi lori daga Damazin zuwa Kurmuk da damina, ya san ɗan kasuwar kan iyaka rabin rayuwarsa a saman kaya yake yin ta. Yau kana kan buhunan albasa, gobe kan riɗi, jibi kan dawa. Muna roƙon Allah Ya kiyaye hanya, amma idan tsautsayi ya zo, kuma ba ya wuce ranarsa, akwai wani ciniki da ke jiran mutum a bakin gadon asibiti, wanda galibinmu ba mu taɓa koyon yadda ake yin sa ba. Wannan ciniki shi ne na lauya, ko muhami kamar yadda muke cewa a nan Sudan.

Abin da ya sa muka ɗauko zancen, wani mai sauraron shirinmu ne na rediyo. Dattijo ne mai fataucin albasa daga ɗaya daga cikin ƙauyukanmu na kudu da Mai Wurno, a bakin Nilul Azraƙ. Tun kafin yaƙi lorin da yake ciki ya kife tsakanin Sinja da Sinnar, ya rasa hannunsa na dama. Kwana uku da kwanciyarsa sai ga wani saurayi mai tsaf-tsaf ya zo gaishe shi, ba su taɓa haɗuwa ba. Ya ce: "Baba, ka kwantar da hankalinka, akwai wani Ustaz da ya san kan wannan aiki, ba ka biyan ko sisi sai an ci." Dattijo ya dangwala babban yatsan hagu a takardar da bai karanta ba. Bayan fiye da shekara kuɗi suka fito, aka miƙa masa ambulan, ya ƙirga, bai kai rabin abin da kotu ta yanke ba. Da ya tambaya sai aka ce masa ai akwai lada, akwai rusum, akwai zirga-zirga, akwai na yaron da ya haɗa su.

Ya zo mana da ambulan ɗin a aljihu. Tambayarsa ɗaya ce: "'Yan'uwa, cutata aka yi ko haka tsarin yake?" Gaskiyar magana, ba mu iya ce masa an cuce shi ba, domin babu takarda ko ɗaya da ta nuna a kan me suka daidaita. Nan ne gizo ke saƙar.

Jaka biyu ce, ba ɗaya ba

Abu na farko da ya kamata mai karatu ya riƙe shi ne, kuɗin shari'a kashi biyu ne. Akwai at'ab, wato ladan lauya na iliminsa da lokacinsa da tsayuwarsa gaban alƙali. Akwai kuma masarif, wato ɗawainiyar da shari'ar kanta ke ci: kuɗin shigar da ƙara, kuɗin rahoton likita, hoton ƙashi, kwafin takardu, kuɗin motar shaidu daga ƙauye zuwa Sinnar ko Wad Madani da abincinsu, da kuɗin ɗaukaka ƙara idan an kai can. Ɗan kasuwa ya fi kowa sanin wannan bambanci. La'adar dillali daban, kuɗin dako da na awo da na rumfa daban. Wanda ya ce maka ba ka biyan ko sisi sai an ci, kusan kullum jakar farko yake nufi. Ta biyun tana nan tana jiran ka, kuma idan ba a ci ba, a kan wa za ta faɗa? Wannan ita ce tambayar da ba a yi wa saurayin nan ba.

Shi kansa ladan, hanyoyin yanke shi uku muka sani. Wani lauyan zai faɗi kuɗi tsayayye na aikin gaba ɗaya, a ba shi wani abu a gaba, sauran a ƙarshe. Wani zai ce kowane zama da farashinsa, wanda a ganinmu shi ne mafi haɗari ga talaka, domin duk ɗage shari'ar da aka yi aljihunka ne ke kuka. Na uku shi ne kaso daga abin da aka samu. Wannan na uku shi ne ya fi jan hankalin mai ciwo, kuma ba za mu zage shi ba. Mutumin da ke kwance, jarinsa ya zube a kwalta, iyalinsa na sayar da akuya don sayen magani, ina zai samu kuɗin gaba? Ba don wannan tsari ba, da yawa ba za su taɓa ganin ƙofar kotu ba. Lauyan ma ya sa nasa cikin kasada, domin idan aka fāɗi wahalarsa ta tafi a banza.

To amma kaso nawa, kuma daga me?

Bari mu yi lissafin rumfa, da alƙaluman misali kawai. A ce an samu jine miliyan 3, ɗawainiya ta ci 600,000, lauya kuma zai ɗauki sulusi. Idan ya cire sulusinsa daga jimlar kuɗin tun kafin a fitar da ɗawainiya, nasa miliyan 1 ne, a fitar da 600,000, mai ciwo ya tashi da 1,400,000. Idan kuwa aka fara fitar da ɗawainiya, saura 2,400,000, sulusi ya zama 800,000, mai ciwo ya tashi da 1,600,000. Lauya ɗaya, shari'a ɗaya, sulusi ɗaya, amma bambancin jine 200,000 ne, kuma kalma ɗaya ce ta jawo shi: "kafin" ko "bayan". Mu da muke ja-in-ja a kan mudu guda na riɗi, abin mamaki ne yadda muke barin wannan ta wuce mu.

Farashin hannu a rubuce yake

A nan ne muke son mai karatu ya ɗan tsaya, domin Sudan ta bambanta da ƙasashen da aka aro wannan al'ada ta kaso daga gare su. Dokar laifuffuka ta 1991 ta tsaida cikakkiyar diyya a kan raƙuma 100, ko kimarsu da kuɗi yadda Alƙalin Alƙalai zai ƙayyade lokaci zuwa lokaci. A 2016, alal misali, an ɗaga ta daga jine 30,000 zuwa 330,000, abin da ya tayar da hankalin kamfanonin tamin, wato inshora, a wancan lokaci. Wannan adadi tarihi ne yanzu, kowa ya san abin da ya faru da darajar jine tun daga nan, don haka mai ƙara ya tambayi kotu adadin da ake aiki da shi a ranar da yake gabanta.

Raunuka kuma an yanka su bisa wannan cikakkiyar diyya, kamar yadda malamanmu suke karantarwa a zaure tun zamanin kakanninmu da suka taso daga Sakkwato bayan yaƙin Burmi na 1903. Gaɓar da take guda biyu a jiki, kamar hannu ko ƙafa ko ido, ɗaya rabin diyya ne. Yatsa ɗaya bisa goma. Haƙori ɗaya bisa ashirin. Raunin da ya huda ya shiga cikin ciki sulusi ne. Wato dattijon nan namu, tun ranar da likita ya rubuta cewa hannu ya tafi, an san adadinsa. Babu lauyan da ya ƙirƙiro shi, babu wanda balagarsa za ta ninka shi.

Ke nan lauya ba shi da amfani? A'a, yana da shi, amma a wurare sanannu, kuma su ya kamata a yi ciniki a kansu.

Na farko shi ne rabon laifi. Dokar ta ce a kisa ko rauni na kuskure, ana rage diyya gwargwadon hannun da shi wanda aka ji wa ciwon yake da shi a abin da ya faru. Wanda ya tsallaka kwalta ba tare da dubawa ba, ko ya rataya a bayan mota tana tafiya, za a iya cewa da nasa laifin. Lauya mai ƙwazo zai zauna da zanen wurin haɗari da 'yan sandan hanya suka yi, ya nemo shaidu, ya hana a ɗora maka abin da ba naka ba. Na biyu shi ne raunin da ba yankewa ba ne, kamar karayar da ta warke a karkace ko ƙafar da ta gajarce. A nan komsiyon na likitoci ne ke faɗin yawan nakasar da ta rage, kuma a kan wannan rahoto alƙali ke dogara. Wanda ya yi gaggawar zuwa kafin ciwo ya tsaya, ko ya je babu takardun asibiti, zai iya tashi da ƙasa da haƙƙinsa.

Na uku, wanda ya fi duka wuya, shi ne karɓo kuɗin. A rauni na kuskure doka ta ɗora diyya a kan mai laifi da aƙilarsa, ta kuma sanya kamfanin tamin da wurin aikin mutum cikin aƙila, ba dangin uba kaɗai ba. A takarda abin da daɗi. A aikace kuwa, kamfani na iya cewa takardar tamin ta ƙare kafin ranar haɗari, ko direba ba shi da lasisi, ko lorin na kaya ne ba na fasinja ba, wanda kuma shi ne halin da 'yan kasuwarmu suka fi samun kansu a ciki. Idan shari'arka irin wannan ce, mai tsawo da gardama, lauyan da ya nemi kaso mai kauri bai yi zalunci ba. Idan kuwa direba ya amsa laifi, tamin na da rai, rauni kuma na cikin jadawali, to sulusi a kan zama biyu ko uku ya yi yawa, kuma ba rashin kunya ba ne ka ce: "Ustaz, a rage, ko mu yanke tsayayyen kuɗi."

Bugu da ƙari, a sani cewa haɗarin mota shari'ar laifi ce da niyaba ke gabatarwa a madadin hukuma. Lauyanka yana tsayawa ne a kan haƙƙinka na kanka. Idan ka zaɓi buɗe ƙarar madaniyya daban, rusum ɗinta na tafiya ne da girman abin da kake nema, sai dai wanda ya tabbatar wa kotu ba shi da hali yana iya neman a ɗauke masa. Ma'aikatar Shari'a ma tana da sashen taimakon shari'a ga marasa ƙarfi. Kaɗan daga mutanenmu ne suka san da wannan ƙofa.

Takarda, da abin da ke cikinta

Dokar lauyoyi ta 1983 ba ta bar abin a baki ba. Ta nemi yarjejeniyar lada ta kasance a rubuce, da kwanan wata, da sa hannun ɓangarorin biyu, da bayanin aikin da za a yi da kuɗin da za a biya. Don haka wanda ya nemi a rubuta, bai zargi kowa ba, doka ya bi. Mun san halin mutanenmu, akwai kunya da kawaici, sai a ce ai Ustaz babban mutum ne, ba a yi masa haka. Amma shi wannan mai kunyar ba ya ba da buhu goma bashi a Matama sai ya rubuta a littafi.

Takardar ba sai ta yi tsawo ba. Ta faɗi kaso ko adadi, ta faɗi kafin ɗawainiya ne ko bayanta, ta faɗi wa zai ɗauki ɗawainiyar idan aka fāɗi, da ko ɗaukaka ƙara na cikin ladan ko sabon ciniki ne. Idan kotu ta ɗora wa ɗaya ɓangaren biyan rusum da wani abu na ladan lauya, a rubuta ko za a cire shi daga abin da lauyanka zai karɓa, don kada a ci sau biyu. Kowace ɗawainiya kuma da rasit. Na ɗan kamashon da ya zo gaisuwa asibiti kuwa, ba haƙƙinka ba ne, wanda ya aiko shi ya sallame shi.

Sai takarda ta biyu, tawkil, wato wakilcin da kake bai wa lauya. Ita ce dattijonmu ya dangwala wa yatsa. Akwai tawkil na tsayawa a kotu kawai, akwai wanda ya haɗa da yin sulhu da karɓar kuɗi da yafewa da sunanka. Wanda bai iya Larabcin kotu ba, ya sa ɗansa ko malamin unguwa ya karanta masa kafin ya taɓa tawada. Mu dai shawararmu, kuɗi su shigo hannun mai haƙƙi ko asusunsa, shi ya fitar wa lauya nasa.

Akwai wani abu da ya shafe mu fiye da kowa, wato sulhu. A ƙauyukanmu na Jazira da Sinnar, da wuya haɗari ya faru dattawa da ajawid ba su shiga ba. Sau da yawa direban ma ɗan gari ne, sai a taru a ƙofar gidan shehun gari ko bayan sallar Juma'a, a ce an yafe don Allah, ko a karɓi kuɗin magani kawai. Alheri ne babba. To amma lauyan da ya yi wata shida yana zirga-zirga bisa alkawarin sulusi, sulusin me zai ɗauka? Mun ga zumunci ya ɓaci a kan haka, lauya na cewa an ci amanarsa, iyali na cewa ai ba a ci komai ba. Layi ɗaya a takarda, cewa idan an yi sulhu ko an yafe ladan zai zama kaza, ya isa ya kashe wannan wuta. Idan kuma rai aka rasa, a tuna diyya gado ce, ana raba ta bisa kason magada. Baffa ba ya yafe rabon maraya don a yaba masa a taro.

Yadda wasu ke yi

A Amurka, inda wannan tsari na kaso ya yi ƙarfi, abin da aka saba shi ne sulusi, ya kan kai kashi 40 cikin 100 idan shari'a ta yi nisa. Amma can babu jadawalin raƙuma, adadin diyyar kansa shi ake fafatawa a kai, don haka ƙwazon lauya na iya ninka shi. Ingila ta buɗe ƙofar "ba nasara ba lada" a shari'un rauni a 1995, sannan daga Afrilun 2013 ta sa iyaka, ƙarin ladan nasarar da lauya zai cira daga diyyar mai ciwo kada ya wuce kashi 25 cikin 100, kuma ban da kuɗin asarar da zai yi nan gaba. Faransa ta hana a tsaida lada kacokan a kan sakamako, sai dai a yanke lada a ƙara da tukuici idan an ci. Nijeriya kuwa, ƙa'idojin aikin lauyoyi na 2007 sun halatta kaso a shari'un madaniyya, muddin bai wuce hankali ba.

'Yan'uwanmu na Kano sun ga babban misali. A 1996, lokacin annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer ya yi gwajin maganin Trovan da yara 200, yara 11 suka rasu, wasu suka nakasa. Kamfanin ya musanta laifi, ya ce cutar ce ta yi ɓarnar. Bayan shekara 13, a 2009, aka yi sulhu da gwamnatin Jihar Kano a kan dala miliyan 75: miliyan 35 asusun waɗanda abin ya shafa, miliyan 30 ayyukan lafiya, miliyan 10 kuɗin shari'a. Sai a 2011 iyalai huɗu na farko suka karɓi dala 175,000 kowanne, bayan gwajin tabbatar da dangantaka. Ko me mutum zai ce game da wannan sulhu, an ware jakar shari'a daban, an faɗi adadinta kowa ya ji. Abin da dattijonmu bai samu ba ke nan.

Idan haɗarin a ƙetare ya faru

Da zarar ka tsallaka gadar Gallabat zuwa Matama, dokar Habasha ce ke aiki, ba jadawalin diyyarmu ba, kuma lauyan Gadarif ba zai tsaya maka a kotunsu ba. Za ka buƙaci na can, watakila da tafinta, wato jaka ta biyu ta ƙara nauyi. Sudan da Habasha duka suna cikin tsarin katin tamin mai ruwan ɗorawa na ƙungiyar COMESA, wanda ke rufe motar da ta tsallaka iyaka. Kafin ka ɗora kaya ka hau, tambayi direba ko yana da shi. Masu bin hanyar yamma kuma su sani Chadi da Nijar suna ƙarƙashin dokar inshora ta CIMA, wadda ta fara aiki a 1995. Ita ma ta tsara ma'aunin diyyar haɗarin mota, ta kuma wajabta wa kamfani ya gabatar wa mai rauni tayin biya cikin wa'adi. Don haka can ma, kafin ka sayar da sulusin haƙƙinka, fara jin tayin kamfani.

A gida kuwa, yaƙin da ya ɓarke ranar 15 ga Afrilun 2023 ya ƙara wani nauyi. Wad Madani ta fita daga hannun soja a Disambar 2023, ta dawo a Janairun 2025. Sinja ta fita a Yunin 2024, ta dawo a Nuwamba na wannan shekara. A tsakanin nan kotuna sun rufe, lauyoyi da shaidu sun watse, wasu Gadarif, wasu Kasala, wasu Fort Sudan. Masu saurare da dama sun kira mu suna cewa an sake buɗe shari'arsu, amma lauya ya ce tsohon ciniki ya mutu, sai sabo, domin kuɗin da aka yanke kafin yaƙi yanzu ba ya cika tankin mota. Yana da hujja. Mai ciwon ma yana da tasa, domin diyyarsa ita ma haka ta narke. Waɗanda muka ga sun fita lafiya su ne masu kwafin takardunsu a hannu: urnik 8, wato fom ɗin da 'yan sanda ke bayarwa likita ya cike ranar rauni, da rahoton komsiyon, da rasit na magani, da yarjejeniyar lada. Wata baiwar Allah daga wajen Hasahisa ta ce mana a cikin ledar da take ɗaure kuɗinta ta gudu da su, kuma ɗanta ya ɗauki hotonsu a waya.

Dattijon namu ya koma kasuwa, yanzu ɗansa ne ke hawa lori, shi yana zaune a rumfa yana karɓar kuɗi da hagu. A bara ƙanensa ya karye a cinya a kan hanyar Damazin. Da lauya ya zo, dattijo ya sa aka kira malamin makarantar ƙauyen da littafin rubutu, aka yagi shafi ɗaya. Sun daidaita a kan ɗaya bisa biyar, bayan ɗawainiya, da adadi kaza idan dattawa suka yi sulhu. Lauyan ya karanta, ya gyara kalma biyu, ya sa hannu. Shari'ar tana nan ba a gama ba, an ɗage ta zuwa bayan girbin riɗi saboda shaidu biyu suna gona.